Labulen gyale a kan taga: yaya ake ɗora shi ya zauna, kuma ya cancanci kuɗinsa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sanin harkar labule ku taimaka min. Ƙanwata za a kai ɗaki ƙarshen watan nan, ni aka ɗora wa labulayen falo da na uwar ɗaka. Na shiga Kantin Kwari na sayo mai kauri ruwan toka, sai mai shagon ya nuna min dogon yadin nan shara-shara da ake lanƙayawa a saman ƙarfe, tsakiyarsa ta yi tumbi, jela biyu su zubo ta gefe, wanda wasu ke ce wa labulen gyale. Na ɗauki ruwan zuma, yadi 6 kowace taga. A shago ya yi kyau ba kaɗan ba. Da muka je gidan gwadawa sai abu ya ƙi. In mun ja dama hagu ya gudu, in mun daidaita fanka na kaɗawa sai ya sulale, kuma jelar ba ta kai ƙasa ba. Tagar ƙafa 4 ce tsawo da faɗi. Yadin ne ya yi kaɗan ko akwai yadda ake ɗorawa?

Ummu Sudais:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Bari Anti Rabi ta leƙo, wannan fanninta ne.

Anti Rabi mai labule:
Amin, Allah ya ba su zaman lafiya. Maman Ilham auno min abu biyu: tsawon ƙarfen daga wannan kai zuwa wancan, da kuma daga ƙarfen zuwa ƙasa. Sannan yadin wane iri ne, shifon mai santsi ko boyil?

Maman Ilham:
Anti ƙarfen inci 60 ne, daga shi zuwa tayil inci 90. Yadin yana da santsi sosai, yana ɗan sheƙi. Shifon ne, in ji mai shagon.

Anti Rabi mai labule:
To ga lissafinki. Yadi ɗaya inci 36 ne, yadi 6 ke nan inci 216. Tumbin tsakiya ba a miƙe yake tafiya ba, saukowa yake ya sake hawa, don haka ya fi tsawon ƙarfen cin yadi. A ƙarfe mai inci 60, in kina son tumbin ya sauko kamar inci 15, zai ci wajen inci 70. Cire 70 daga 216, saura 146. Raba biyu, kowace jela ta samu 73. Ke kuma daga ƙarfe zuwa ƙasa 90 ne. Shi ya sa jelar ta tsaya tana reto: ta wuce bakin taga, ba ta kuma kai ƙasa ba. Wannan tsayin shi ya fi muni a ido.

Ba sai kin koma kasuwa ba. In kina son amfani da yadin duka, ki bar gefe ɗaya ya sauka har ƙasa, inci 90, ɗaya gefen ya ɗauki ragowar 56, wanda zai tsaya daidai wajen bakin tagar. Wannan salon da gangan ake yin sa, kuma in tagogi biyu ne a bango ɗaya sai ki sa dogayen jelar ta waje-waje, gajerun su fuskanci juna. In kuwa kin fi son gefe biyu su zo daidai, ki yanke yadi ɗaya ki bar 5, kowace jela za ta samu inci 55, duka su tsaya a bakin taga. Mai son duka biyun su taɓa ƙasa a irin wannan tagar, yadi 7 za ta saya.

Ga wadda ba ta riga ta saya ba: ki ɗauki igiya ki rataya a kan ƙarfen yadda kike son labulen ya zauna, ki sassauta tsakiya har tumbin ya yi miki, sannan ki sauke igiyar ki auna. Abin da igiya ta ba ki shi za ki faɗa wa mai shago, ki ƙara rabin yadi saboda kalmasa da abin da ƙarfe zai ci.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Anti, yanzu na gane inda yadin ya tafi. Saura maganar sulalewar.

Anti Rabi mai labule:
Ita ma da sauƙi, amma ba a sama ake fara aikin ba, a ƙasa ake gama shi. Ki shimfiɗa tabarma mai tsabta ki baje yadin a kai, ku biyu, ke a wannan kai ita a wancan. Ku ninka shi ta tsawonsa, gaba da baya, gaba da baya, kowane ninki faɗin tafin hannu, kamar yadda ake tattara gwaggwaro kafin a ɗaura. Ku lura bakin farko da bakin ƙarshe su kalli waje ɗaya, don in an ɗora su ɓuya ta ɓangaren bango. In kun gama zai zama dogo siriri. Sai ki yayyago ƙyalle ki ɗaɗɗaure shi sako-sako, duk kamu biyu ɗauri ɗaya, kada ninkin ya warware a hanya.

Kafin ki hau kujera ki sa alama. Daga kai ɗaya ki auna tsawon jelar da kika zaɓa, misali inci 90, ki soka fil, daga nan ki auna 70 ki soka wani. Fil biyun nan su za su zauna a kan bakin ƙarfen biyu. In kika yi haka babu sauran ja dama ja hagu, don tun a ƙasa kin san inda komai zai faɗa.

Ku ɗaga tare ku ɗora, jela ta faɗa ta bayan ƙarfe, tumbi ta gaba. Sai ki kwance ƙyallayen tsakiya kawai. Ninkin sama kada ki taɓa shi, ki bar shi a ɗame kusa da ƙarfe. Na ƙasa shi za ki riƙa janyowa a hankali, sannan na samansa ki ja shi ƙasa da haka, har ki ga layukan sun jeru ɗaya a bayan ɗaya. Wata ta tsaya daga bakin ƙofa tana gaya miki, don wadda ke kan kujera ba ta ganin karkata. Sai tumbi ya yi sannan ki kwance na jela.

Shifon a kan ƙarfe mai sheƙi kuwa dole ya zame, santsi ne ya haɗu da santsi. Ki naɗa robar ɗaure kuɗi guda uku ko huɗu a kan ƙarfen, daidai inda yadin zai zauna, sannan ki ɗauki zare kalar yadin ki ɗaure tattarar a jikin maƙalin ƙarfen ta baya inda ba a gani. Fil mai rufewa irin na hijabi ma yana yi. Amma babban abin shi ne wannan: kada ki ɗora shi a ƙarfe ɗaya da labule mai kauri. Duk safiya amarya za ta yaye labule, duk yamma ta saki, zoben labulen kuwa sai sun ture shi. A sa ƙarfe mai layi biyu, mai kauri a na baya, gyalen a na gaba. Ko a kafa zobe biyu a bango sama da kusurwoyin tagar a zura shi ciki, ba ruwansa da ƙarfe.

Hajiya Asabe:
'Ya'yana ku yi haƙuri da maganar tsohuwa. Rabi ta yi bayani mai kyau, Allah ya yi mata albarka, amma ni tambayata daban ce. Shi wannan abu me yake rufewa? Ni abin da na sani labule sutura ne. Ana sa shi ne don na waje kada ya ga na ciki, rana kada ta dame ka, ƙura ta ragu. Wannan kuwa a sama yake, tagar tana nan a buɗe, sai an sa wani labulen a ƙarƙashinsa. Ke nan yadi 6 aka saya don a yi wa labule ado.

Ki lissafa gida mai taga biyar, yadi 30 ke nan, ban da ƙarfe mai layi biyu da kuɗin mai kafawa. Ga uban yarinya yana fama da gado da katifa da kujeru da kayan kicin da gara. Na ga iyayen da suka ci bashi saboda kayan ɗaki, aka watse biki aka bar su da masu bin kuɗi. Mu da aka kai mu, labulen ƙofa ne da asabari, iska na shiga, ba mai ganin ka, in ya yi ƙura ka kakkaɓe. Ban ce a koma asabari ba, zamani ya wuce nan. Amma da ni ce, kuɗin nan ragar sauro mai kyau zan sa a tagogin, in ya yi saura in ƙara mata labule na canji.

Ummu Sudais:
Hajiya ranki ya daɗe, maganarki ta bashi gaskiya ce, ba mai musu. Amma a ganina ba wannan ɗan yadin ne ke karya iyaye ba. A duk kayan ɗaki shi ne ma adon da ya fi araha. Wadda ba ta da halin labulen nan mai kai da aka yi wa ɗinki na musamman da geza da duwatsu, da shara-shara yadi 5 sai falonta ya fito, ba tela, ba komai, kalmasa ce kawai a baki biyu. Kuma ɗakin nan ita za ta wuni a ciki, ita za ta karɓi dangin miji a ciki. Mace tana son ta ɗaga kai ta ga abin da zai faranta mata rai a ɗakinta. In an ce sai abin da yake da aiki kawai, to har fulawar kan tebur da jeren kwanukan da iyayenmu suka yi a bango sai a ce ba su da amfani, alhali kuwa kowa ya san darajarsu a wancan lokacin.

Hajiya Asabe:
Kwanukan jere 'yata dukiya ce. In ta ɓaci ana ɗaukar tasa ko fanteka a sayar a rufa asiri, an sha yi. Shifon da rana ta ci shekara biyu wa zai saya?

Ummu Sudais:
Wannan kam haka ne Hajiya, ba ya komawa kuɗi. Ni dai ina nan a kan cewa in da hali ba laifi.

Malama Hafsatu:
Tunda an zo maganar laifi ko ba laifi, bari in sa baki kaɗan. Akwai hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a cikin Sahihu Muslim, inda ta rataya wani mayafi a ƙofa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cire shi, ya kuma nuna cewa Allah bai umarce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. Daga baya ta yi matasan kai da shi. Imamun Nawawi da yake sharhi ya tafi a kan cewa lulluɓe bango da tufafi makaruhi ne, bai kai haramun ba. A Muslim ɗin kuma akwai hadisin da ke cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Don haka ba zan ce wa Maman Ilham ta yi laifi ba, kuma ba zan ce Hajiya ta tsananta ba. Abin da zan ja hankali a kai biyu ne: a guji yadi mai hoton abu mai rai, kuma kada a ci bashi ko a yi don gasa da ɗakin wance. Wadda ke son ƙarin bayani ta tambayi malamin da ta yarda da shi.

Maman Ilham:
Na gode Malama, na gode Hajiya. Babu bashi a ciki alhamdu lillahi, gudummawata ce ga ƙanwata, kuma tagogin da raga tun asali. Amma maganar Hajiya ta sa na yi tunani. Na yanke shawarar falo kawai za a sa wa, tagogi biyu. Na uwar ɗaka zan mayar a canja min da labule mai kauri na canji, in mai shagon ya yarda, tunda ba a yanka ba.

Balkisa Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan da mita muke awo, yadi 6 ɗin nan naku mita 5 da rabi ne a wajenmu, don masu sayowa daga Kano su sani kada a yi musu ƙwange. Ni abin da ba a taɓo ba shi ya fi damuna, wato ƙura. Daga Nuwamba har Fabrairu, wani lokaci har Maris, ko ka rufe taga hazo sai ya shigo. Labulen da ke tsaye ƙura ba ta samun wurin zama sosai, ka kaɗa shi ta zube. Shi wannan kuwa kowane ninki na tumbin ma'ajiya ce. Nawa fari ne, kafin hunturu ya raba tsakiya sai na ga layi-layi ja a cikin ninkin, in ka ɗan taɓa sai ta zubo kan kujera. Ga yarona mai asma. Kuma saukewa a wanke a mayar ba aikin minti biyar ba ne, kun ji dai bayanin Anti Rabi, sai mutum biyu da tabarma da kujera. Yanzu da zarar hunturu ya kama nake sauke shi in ninke in ajiye, sai an yi ruwan fari ƙura ta kwanta in mayar.

Anti Rabi mai labule:
Balkisa kin faɗi gaskiya, kuma dabararki ita nake ba masu mura da asma. Fari tas ba na ƙasarmu ba ne, shi ya sa na ji daɗi da Maman Ilham ta ce ruwan zuma. Ruwan zuma, ruwan madara, ruwan ƙasa, su ke ɓoye ƙura. Masu duhu kamar maroon da shuɗi kuma wata matsalar gare su, ƙura na fitowa fari a jikinsu, kuma in tagar yamma take kallo rana na koɗar da su layi-layi, inda ninki ya fito ya koɗe, inda ya ɓuya ya zauna da kalarsa. Irin wannan in ka sauke ka sake ninkawa sai ka ga ya zama dabbare-dabbare.

Wanki kuwa ba ya son wahala. Ki fara kakkaɓe shi a waje tun yana busasshe, don in kika tsoma shi da ƙurarsa jan nan zai kama. Ruwan sanyi, omo kaɗan, a jiƙa a ɗan cuɗa, ba a murɗewa, ba a sa bilic. A shanya a inuwa, a ɗauke da sauran danshi a ninka a mayar, nauyinsa zai miƙar da shi. In dole sai an goga, wuta can ƙasa, a ɗora wani ƙyalle a sama, don yawancin shara-sharan da ke kasuwa roba ne, dutsen guga mai zafi na taɓa shi zai ƙanƙance ya huje. Kuma kafin ki sauke ki ɗinka ɗan zare a inda fil biyun nan suke, alamar ta zauna har abada, mayarwa ta zo da sauƙi.

Maman Hanif:
Anti Rabi kin ce roba ne, a nan nake son in tsaya, don ni aikin jinya nake yi kuma abin yana ci min rai. Mu mata mun saba in za mu turara ɗaki mu tura kasko gindin labule don ƙamshi ya kama. Ɗakin amarya kuwa turaren wuta ba ya yankewa. Yadin roba shara-shara in ya taɓa garwashi ba ya tsayawa jira, narkewa yake yana ɗiga yana ci, kuma abin da ya ɗiga a fata manne mata yake, ƙunarsa ta fi zurfi. Wuta kuma sama take bi, jelar nan tsani ce daga ƙasa har silin. Haka maganin sauro na kunnawa, haka kyandir in an ɗauke wuta. Ga fanka tana kaɗa jelar, inda ka ajiye kasko kana ganin da tazara, iska ɗaya ta kai yadin kai.

Na biyu yara. Amarya yau, baɗi war haka in Allah ya yarda da mai rarrafe, kafin nan ma 'ya'yan baƙi suna zuwa. Yaro mai koyon tsayuwa duk abin da ya samu kamawa yake. In gyalen ba a ɗaure yake ba zai zubo masa a ka ya naɗe shi, in kuma an ɗaure shi tamau a ƙarfen da bai kafu ba, ƙarfen ne zai biyo. Don Allah salon nan da ake barin jela ta kwanta a ƙasa ta yi tuli, a bar wa ɗakin taro da wurin ɗaukar hoto.

Anti Rabi mai labule:
Ba ni da ja a kan wannan. Maman Ilham, da jin bayanin Maman Hanif ni sai in ce ki ɗauki shawara ta biyu, ki yanke ya koma yadi 5, jela biyu su tsaya a bakin taga. Hannun mai rarrafe ba ya kaiwa, kasko ba ya kaiwa, tsintsiya da mofa ma ba sa taɓawa. Ki sa tela ya yanke bakin jelar a karkace, gajeren ɓangaren ta cikin taga, dogon ta waje, in ya zubo sai ya yi hawa-hawa, ya fi yankan miƙe kyau nesa ba kusa ba. Ragowar yadi ɗayan kuma a yi maɗaurin labule mai kaurin da shi, kala ta haɗu.

Ummu Sudais:
Ni fa har ga Allah mai kaiwa ƙasa ya fi min kyau, yana ƙara wa ɗaki tsayi. Gajeren sai in ga kamar yadi ne bai isa ba. In bayan kujera mai zaman uku tagar take, ai yaro ba ya kaiwa.

Maman Hanif:
In kujera ta tare shi da sauƙi, amma kuma kin ga jelar da kika kashe wa kuɗi ta ɓuya a bayan kujera, ba mai ganinta. Kasko dai ko ta yaya a nisanta shi.

Zulaihat:
Don Allah ni ma a taimaka min, gidan haya nake. Mai gidan ya ce kada a ƙara huda masa bango, wanda ya tashi ya bar ramuka ko'ina. Ƙarfe ɗaya ne a kan kowace taga kuma labulena na kai. Ba yadda zan yi ke nan?

Maman Walid:
Zulaihat maigidana magini ne, na karanta masa tambayarki. Ya ce yawancin ramukan da ke ɓata bango daga wurin da aka huda ne. Saman taga kai tsaye linta ce, kankare da rodi a ciki, ƙusa ba ta shiga, sai mutum ya yi ta duka filasta na ɓarewa. Sama da linta kuma bulo ne mai rami, in aka sa ƙusa zalla tana kwance-kwance har ta fita da nauyin labule. Daidai shi ne a huda da injin huda, a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru, a ɗaura sukuru. Kuma a duba kada a huda saitin soket ko makunnin fitila, a sama ko a gefe, don nan bututun waya ke bi. Ya ce ki roƙi mai gidan a cire maƙalan da ke nan a sa masu layi biyu a ramukan da suke, ba sabon rami ke nan.

Anti Rabi mai labule:
Shawarar maigidan Maman Walid ita ce ta ƙwarai. In mai gida ya ƙi, akwai wata hanyar. Kada ki ɗora gyalen a tsakiyar ƙarfen inda zobe ke kai da komo. Ki rataya shi a kan kawunan ƙarfen biyu kawai, wajen maƙali, ki ɗaure da zare, tumbin ya sauko ta gaban labulen ba tare da ya hau ƙarfe ba. Labule zai riƙa wucewa ta bayansa. Tumbi ɗaya kawai za ki samu, ba za ki iya naɗe-naɗen nan biyu ko uku ba, amma a taga mai ƙafa 4 ɗaya ma ya isa. Masu mannewa da gam kuwa ban cika yarda da su ba, zafin Afrilu na sa gam ya saki, in kuma ya kama sosai da fenti yake fita, rigimar da kike gudu ita za ki tarar.

Ki kuma duba yadda tagarki ke buɗewa. In mai turawa gefe ce ko luba, ba matsala. In mai buɗowa ciki ce, tumbin kada ya sauko ƙasa da saman firam, in ba haka ba kullum murfin taga na kama shi.

Hajiya Asabe:
Tunda dai kun ƙi jin ta tsohuwa sai kun sa, to ga abu ɗaya. Ranar jere kada ku tafi sai an yi magariba. Ku saki labule, ku kunna fitilar ɗaki, ɗaya ta tsaya a ciki, ɗaya ta fita waje ta duba ta tagar. Da rana kowane labule sutura ne, da dare ake gane na gaskiya. Na shiga gidaje na ga an sa shara-shara a ƙasa, an sa shara-shara a sama, mai wucewa a layi yana ƙirga mutanen falo. In na ƙasan ya rufe, na saman ku yi yadda kuke so.

Malama Hafsatu:
Wannan shawara ta Hajiya a riƙe ta da kyau, musamman gidan da tagarsa ke kallon layi ko tsakar gidan haya.

Balkisa Damagaram:
Anti Rabi tambaya ta ƙarshe daga ni. Tunda turmin atamfa ma yadi 6 ne, ba za a iya yi da ita ba? Ko da rinin Ƙofar Mata, ina da wani mai shuni da nake ji da shi. Auduga ce, ba ta narkewa kamar roba, kuma ba ta da santsi.

Anti Rabi mai labule:
Ana yi, na taɓa yi wa wata da atamfa a ɗakin karatu kuma ya zauna daram, ko zare ba mu ɗaura ba. Sai dai a san halinta. Atamfa tana da tauri, ba ta zubowa yadda boyil ke zubowa, sai an wanke ta sau biyu ko uku ta saki. Ninkinta ki yi shi manya, kada ki ja tumbin da zurfi. Sannan ki duba bayanta, don a jela ciki da waje duk suna bayyana. Mai kakin nan da gabanta da bayanta kusan ɗaya ne ita ta dace, ƙaramar atamfa mai fuska ɗaya farin bayanta zai riƙa leƙowa. Zanen ma ki lura, in mai sama da ƙasa ne, jela ɗaya zai miƙe ɗaya ya kife. Kuma labulen ƙasa ya zama mara zane, in ba haka ba ido ya gaji. Auduga ma tana cin wuta, maganar kasko tana nan.

Mai shunin kuwa ki gwada shi tukuna. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikinsa da ɗan ƙarfi. In ƙyallen ya yi shuɗi, haka zai yi wa fentin bango da labulen da ke bayansa, musamman da damina in feshi ya shigo. Ki yi ta ɗauraye shi da ruwan sanyi shi kaɗai kina shanyawa a inuwa har ƙyallen ya fito fari, sannan ki ɗora, kuma ki zaɓa masa tagar da ba ta kallon yamma.